Ajiyar matafiya

Shekaru na yi ina jan mota tsakanin Agadas da Sabha, saboda haka lodi ba baƙon abu ba ne a wajena. In mota ta cika, ka sauke buhu biyu, wuri ya samu. Da wannan ilimin na zauna gaban kwamfutar ƙanena, kuma shi ya kai ni ya baro.

Da ciwon baya ya raba ni da tuƙi, ƙanena ya ce in riƙa zama da shi a ɗan shagonsa da ke unguwar Abdulkafi a Sabha. Aikinsa tura wa mutane waƙoƙi da finafinai da karatun Alƙur'ani a waya. Amma akwai wani aikin da ba a rubuta a bakin ƙofa ba. 'Yan uwanmu masu hawa arewa don tsallake teku, kafin su tashi, sukan kawo wayarsu a kwafe abin da ke ciki a ajiye musu. Kowa ya san waya ba ta cika kaiwa ƙarshen hanya ba, ko a ƙwace ta a shinge, ko ruwan teku ya gama da ita. In Allah ya kai mutum ya sami sabuwa, sai ya kira a tura masa kayansa: hotunan gida, takardar haihuwa, muryar uwa tana sa albarka. Ƙanena ba ya rubuta sunan kowa, sai dai alama. Wani "mai jar hula," wani "dogon Maraɗi," wani "mai tari."

Ranar da zai tafi garin Zighan sayen dabino ya tsaya a bakin shago ya ce, "Yaya, ka tura waƙa, ka tura fim, amma ajiyar mutane na ciki. Kada ka taɓa ta."

Na ce, "Ni za ka koya wa riƙon amana? Yaushe ka fara sa wando?"

Ya yi dariya ya tafi. Ban tambaye shi inda ajiyar take a cikin kwamfutar ba, don ban ga ranar da zan zauna ƙanena yana koya mini abu ba.

Washegari bayan azahar wani magini ɗan Kano ya shigo, jakarsa a kafaɗa. Ya ce motarsu za ta tashi da la'asar. Matarsa ta haihu bayan fitowarsa, bai taɓa ganin jaririn ba sai a waya, kuma duk abin da aka turo masa yana ciki. Na jona wayar kamar yadda na ga ana yi. Kwafi ya fara tafiya, ya kai rabi, ya tsaya cak. Wani rubutun Faransanci ya fito, ni kuwa Faransancina na allon hanya ne. Abin da na gane kawai shi ne wuri ya ƙare, ga kuma layin da ke nuna cikar kwamfutar ya yi ja zur har baki.

Na kira ƙanena, babu rezo, kiran bai shiga ba. Na sake kira, shiru.

To, me ya rage? Sauke lodi. Na buɗe finafinan Indiya na goge guda goma. Na duba layin, yana nan ja. Na goge wasu ashirin. Ko gezau. Na shiga waƙoƙi na yi musu ɗiban karan mahaukaciya. Har bidiyon kokawar gargajiya, wadda ni kaina nake kallo in babu kowa, na rufe ido na goge. Layin bai motsa ko kaurin gashi ba. Na kashe kwamfutar na kunna. Ba zan ɓoye ba, har ɗaga ta na yi da hannu biyu in ji ko ta rage nauyi. Kaina ya ɗaure tamau. Abu na gani da idona ya ɓace, amma wurinsa bai fito ba. To ina ya tafi? In kuma bai tafi ba, me na goge? Gumi ya jiƙa mini riga, ga fanka tana kaɗawa a banza.

Maginin ya leƙo ta kafaɗata. "Alhaji, ni fa ban iya ba, amma na taɓa ji an ce in an goge abu, akwai wani kwando da yake faɗawa."

Na ce, "Kwando kuma? A cikin wannan 'yar abar?"

Muka bi fuskar kwamfutar da ido, sai ga shi a lungu, hoton kwandon shara ƙarami. Na buɗe. Ga finafinaina, ga waƙoƙina, ga 'yan kokawata, duk suna zaune lafiya lau. Na ji kamar in mari kwamfutar. Na ci gaba da gangarawa ƙasa, sai na fara ganin wasu sunaye. Mai jar hula. Dogon Maraɗi. Mai tari. Suna da yawa, na gaji da gangarawa ban kai ƙarshensu ba.

Nan na tsaya, kuma gara in faɗi gaskiya, na daɗe a tsaye. Wannan ai ajiya ce. To me ajiya take yi a shara? Na yi ta juya abin a raina har na samo amsar da ta yi mini daɗi: waɗannan sun isa, an tura musu kayansu, shi ya sa aka zubar. Ajiyar da ba a karɓa ba tana can wani wuri da ƙanena ya ɓoye. Mai tarin ne kawai ya tsaya mini a wuya, don na tuna shi, bai fi wata guda da wucewa ba. Na ce wa kaina wataƙila hanya ta yi masa sauƙi. A duk tuƙina ban taɓa ganin mai hankalin da ya ajiye kayan fasinja a bola ba.

Maginin ya ce, "Alhaji, an kusa kiran salla fa."

Na danna a zubar. Kwamfutar ta yi mini wata tambaya da Faransanci, na ba ta amsar da na ga ta fi kusa da hannuna. Nan take layin ya janye ya koma shuɗi, fili fetal. Wallahi na ji daɗi a lokacin. Na kwafe kayan maginin, na sa musu "magini mai jariri," ya yi ta godiya ya ruga. Daga nan har ƙanena ya dawo ina ta karɓar sababbin waƙoƙi daga wayoyin mutane ina zubawa, don in cike gurbin da na yi.

Da ya dawo da buhunan dabinonsa, tun bai zauna ba na fara ba shi labari da fahari. Ya ja kwamfutar, hannunsa ya tafi kai tsaye wancan lungun.

"Yaya, ina abin da ke cikin kwandon?"

"Shara ce, na zubar."

Ya zauna a kan buhun dabino. Can ya ce tun kafin in zo, wasu masu bindiga sun taɓa shigowa shagon suna neman takardun baƙi. Sun buɗe ko'ina a kwamfutar, ban da kwandon. Tun ranar nan a can yake ajiyar mutane.

Na ɗaga murya na ce, "To me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Me ya hana ka tambaya, Yaya?"

Na yi ta faɗa, kuma na san faɗan rashin gaskiya nake yi.

Muka kai kwamfutar wajen wani Balarabe mai gyara. Ya ce abin da aka goge yakan zauna a ƙasa, sai in an ɗora wani a kansa. Ni kuwa kwana biyu na yi ina ɗorawa. Ya ceto abin da ya iya, hotuna masu yawa, amma duk a cakuɗe, babu alamar wane na wane, sai lambobi. Wasu rabinsu ya koma toka. Muryoyin kam kusan duk sun tafi.

Bayan makonni wayar shago ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Tarin da na ji kafin sallama ya isa in gane shi. Ƙanena ya miƙa hannu, na ce a'a, ni zan yi magana. Mai tarin ya ce ya isa lafiya, amma tsohuwarsa ta rasu yana hanya. Ba ya neman takarda ko komai, hotonta kawai yake so. Na faɗa masa abin da na yi, ban rage komai ba. Ya yi tari, sannan ya tambaya.

"Baba, ko guda ɗaya?"

Na ce ya kwatanta mini ita. Ya ce tsohuwa ce mai lulluɓi, tana zaune kan tabarma a bakin ƙofa. Na buɗe hotunan. Ban san yawan tsofaffin da ke zaune kan tabarma a bakin ƙofa ba sai ranar. Na fara tura masa ɗaya bayan ɗaya, yana amsawa, "Ba ita ba ce, Baba." Kwana uku muna haka. Kowace na tura, na san uwar wani ce da bai kira ba tukuna.

Daga ƙarshe ɗaya ta rage, cikin waɗanda suka lalace. Daga ƙirji zuwa sama duk toka ne, sai tabarma da hannaye biyu riƙe da carbi. Na yi shakkar turawa, na dai tura. Can sai saƙon murya ya shigo.

"Baba, kamar hannunta ne. Ban tabbata ba. Amma kada ka goge ta, ka bar mini."