Baba Mai Igiya da Lambun Bayan Ɗakin Wanki

Tun kafin ƙarfe shida na safe Baba Mai Igiya ke jingine kekensa a bangon ɗakin wanki na asibitin unguwarmu. Sai ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya tsuguna ya soka yatsa cikin ƙasa. Yatsan ne ke gaya masa ko yau za a ba da ruwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan da aka ɗauke shi aikin yankan ciyawa, shi kuwa ya mayar da wani lungu da bai kai faɗin ɗaki biyu ba ya zama lambu. A nan yake koya wa matan unguwa yadda ake samun amfani mai yawa a ɗan wuri. Ni tela ce, ina cikin ɗalibansa, kuma in ji shi na fi kowa taurin kai.

Laƙabin ya samo asali ne daga igiyarsa mai ƙulli a kowane kamu. Kafin zafin bazara ya kankama, da ita yake raba fili gida-gida. Tumatir ɗaya a gida ɗaya, latas huɗu, karas goma sha shida, ko ɗaya ba ƙari. Kuɓewa kuma a gefen yamma, don ta yi wa latas inuwa idan rana ta juya. Matar direban motar asibiti ta sha ba da labarin shekarar da mijinta ya kwanta ciwo. Baba ya je gidanta da tsofaffin tayoyi uku da buhun taki, ya shuka mata alayyahu a bakin rariya, kuma har mijin ya miƙe ba ta sayi ganye ba.

Baba, kai ne mai tsawa idan an taka kunya, kai ne kuma mai ɗaura wa mutum damin latas a bayan keke bayan ka gama faɗan.

Amma bana hankalinmu a tashe yake. Idanun Baba suna ta dushewa, likita ya ce ba za su dawo ba, ƙarshen wata kuma zai ajiye aiki. Shugabar asibiti ta faɗa mana a fili cewa idan babu wanda zai iya riƙe lambun, za a malale wurin da siminti a riƙa shanya zannuwa. Baba ya ce ni zan riƙe. Tun ranar, ko ina kan keken ɗinki, lambun nake tunani, har na ɗinka wa wata hannun riga a baibai.

Tsari na yi shi daidai, iri ma ya fito. Inda na kasa shi ne ragewa. Karas ya tsiro cunkus, kore shar, na tsuguna zan cire na ji kamar zan raba 'ya'ya da uwarsu. Na ce a raina, ai Baba ba ya gani, bari in bar su, wataƙila ma a sami ninki biyu.

Bayan mako biyu ya zo ya shafa kunyar da tafin hannu. Sai ya juyo wajena.

"Tela, nan lambu ne ko tashar mota?"

"Baba, tausayinsu na ji."

"Tausayi? To ki bar su. Su arba'in za su yi ta kokawa a kan abincin goma sha shida, ki tono su kamar zaren ɗinkinki. Shi za ki nuna wa Shugaba?"

Na ce ya taimaka ya cire mini. Ya jawo bokiti ya kife, ya zauna, ya harɗe hannuwa.

"Ban taɓawa, 'yata. Baɗi wa zai cire miki?"

Haka na yi ta tugewa ina gumi, ina ƙirgawa da ƙarfi, yana gyara mini idan na yi satar ɗaya. Har yau ban san ko mun makara ba. Karas yana ƙarƙashin ƙasa, ba a leƙa shi, Shugaba kuma kullum sai ta tsaya a taga ta dubi wurin.

Baba, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya. Ku kuma da kuka iya wani abu, ko shuka ne ko ɗinki, ku zaunar da wani ku koya masa tun da sauran ƙarfinku, ku kuma bar shi ya yi da hannunsa.

Jiya wata sabuwar ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce a koya mata shuka a buhu. Baba ya ce, "Ga malamar nan, tambaye ta," ya nuna bakin famfo inda ya ji muryata ɗazu. Na riga na bar wurin. Na lallaɓa na koma na tsaya daidai inda yatsansa yake nunawa, na ce mata ta tuɓe takalmi.