Daudu Mai Faci da Tayoyin Sharhabilu

Da an idar da asuba Malam Daudu zai jawo tayoyinsa ya jera su a gindin dalbejiyar tashar Batsari, ya kunna injin iska, ya zauna a bencinsa. Sababbi gefe guda, na gwanjo gefe guda. Bai taɓa shafa wa tsohuwa baƙin mai ya ce sabuwa ce ba. Gemunsa ya yi fari a kan wannan bencin.

Direbobi sun sha ba da labarinsa, amma na Mubarak ya fi tsaya wa mutane a rai.

Mubarak direban akori-kura ne mai jigilar hatsi zuwa Runka. Tayoyinsa sun cinye har waya ta leƙo, ya yi ta yawon neman masu sauƙi, ko'ina tsada. Ran kasuwar Safana sai ga wani mutum a bayan rumfuna, ya naɗe fuska da rawani, tayoyi masu kyau a gabansa. Mubarak ya taya da wasa. Mutumin bai ce "albarka" ba, bai ce komai ba. Ya miƙo hannu kawai ya karɓa. Kafin Mubarak ya gama lodawa, babu shi babu alamarsa.

Da murna ya kawo su Batsari.

"Baba Daudu, yau na yi tsintuwa! A ɗaura min."

Tsohon ya zura hannu cikin ta farko yana shafawa. Sai hannun ya tsaya. Ya juya ta wajen haske, ya daɗe yana kallo, ya miƙe ya kashe injin. Tashar ta yi tsit.

"Wannan facin nawa ne," in ji shi. "Sharhabilu na yi wa."

Sharhabilu direba ne da ya shiga hanyar Ruma da daminar bara da rana tsaka, daga shi har motar ba a ƙara ganinsu ba. Kusa da facin akwai wata huda zagayayya, irin wadda ƙusa ba ta yi, sai harsashi. Mubarak ya ja da baya yana salati.

Daudu ya ɗaura masa wasu daga cikin tayoyin da yake sayarwa, ya ce ya je ya nemi abincinsa. Ya sanar da hukuma. Sannan ya ɗora tayar nan a bayan babur ya nufi gidan Tasalla, mahaifiyar Sharhabilu, wadda har lokacin take rufe masa tuwonsa kullum.

Ta shafa hudar da yatsa.

"Ya rasu ke nan, Malam?"

"Ban sani ba, Inna. Abin da na gani na kawo miki."

 Ta ce, "Kowa kauce min yake a hanya. Kai kaɗai ka shigo."

Kai ne, Daudu, ka san masu rufe fuska suna da kunne a kowace kasuwa, amma ka faɗa da ƙarfi a tsakiyar tasha. Kai ne ka sa direbobinmu suka daina sayen tayar da ba a san daga wace mota aka cire ta ba. Mun gode. Allah ya tsare ka, ya tsare masu bin hanya.

Ku kuma masu neman araha, ku tambayi mai kaya inda ya samo. In ya yi shiru, ku bar masa abinsa.