Komin Raƙumi a Katin Mushe

Har yau in na ji ƙaurin karan hatsi yana cin wuta, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na Ollelewa, na cusa ƙafafuna cikin zanen Kaka Yagana. Ita ta haifi Babana. Doguwa ce, ga tsiwa, ga cin goro, kuma ba ta fara tatsuniya sai an ci tuwo an wanke tukunya. Lokacin ɗari takan sa mu jikokinta mu tara kara a ƙofar ɗakinta, amma ita za ta hura, wai mu ɓarnar wuta kawai muka iya. In ta zauna sai ta ce, "Wa ya zo da kunnensa?" Mu ce, "Ga shi mun zo da shi." Wanda bai amsa ba sai ta aike shi ɗebo kara.

Shekarar da nake aji biyu a lakwal, wato makarantar boko, bakina ya mutu. Akwai wani ƙashin akuya da aka ɗaura wa zare, ana ce masa sambol. Duk wanda ya yi Hausa a aji sai a rataya masa, shi kuma ya yi ta kasa kunne ya ji wanda zai sauke wa. Ranar da ya faɗo wuyana aka yi mini dariya har da tafi, na tafi gida ina kuka. Daga ranar na ja bakina na kulle, ba Hausa ba Faransanci.

Abin haushin, na san karatun. Malaminmu, Mushe Isufu, yana da wasu katuna masu hoton kayan gida. Yakan kife su a tebur, yaro ya zo ya buɗe ɗaya, in ya faɗi sunan abin da Faransanci katin ya zama nasa. Sunayen nan duk suna kaina, amma in na buɗe kati sai in tsaya ina kallon ƙasa har a ce in koma in zauna.

Wata la'asar Mushe ya zo gidanmu ya sami Baba. Ina bayan zana ina ji.

"Malam Idi, Ramatu ba daƙiƙiya ba ce," in ji shi, "amma jarrabawar da ke tafe ta baki ce. In ba ta yi magana ba, ba ni da yadda zan wuce da ita gaba."

Baba ba mai zafi ba ne, sai dai ba ya maimaita magana. Ya ce, "To, Mushe. In ba ta wuce ba, bijimin rijiya na can yana jiran mai jan sa."

Wanda ya san rijiyoyin Damargu ya san abin da ake nufi. Zurfi gare su, sai dabba ke jawo wasaki, wato gugan fata, yaro kuma ya wuni yana kai ta yana komo da ita cikin rana, ana zuba ruwa a komi dabbobi na sha. Ni kuwa ina son lakwal kamar raina, har ƙamshin alli so nake. Da Mushe zai tafi ya bar mini tsofaffin katunansa, ya ce in gwada a gida.

Da aka hura wuta Kaka ta miƙo hannu. "Kawo in gani, 'yar nema, abin da ke neman kai ki bakin rijiya." Ta riƙa ɗaga su ɗai-ɗai a hasken wutar. Tukunya ta yarda da ita, tsintsiya kuwa Kaka ta ce an ba ta sanda kamar gurguwa. Da ta zo kan wani farin abu mai zurfi, dogo, da 'yan ƙafafu, sai ta gyaɗa kai.

"Wannan kam na san shi, komi ne. Ashe su ma suna kiwon raƙuma. Dubi har ƙafa suka yi masa don kada raƙumi ya wahala da sunkuyo. Mutanen nan da tausayin dabba."

Ba wanda ya yi mata gardama. Mushe sunan kawai ya koya mana, bai taɓa faɗin amfaninsa ba, mu kuwa da komi ya yi mana kama.

Ta kife katunan a tabarma yadda na ce mata ana yi a aji, ta fara. Wai an yi wata yarinya da ba ta kiran kayan gidansu da suna, sai dai ta turo baki ta yi nuni. Kayan suka ji haushi. Wata safiya aka tashi ba tukunya, ba tsintsiya, ba fitila, har gado ya kwashi ƙafafunsa. Sun bi ayarin gishiri sun wuce Agadas, sun sauka wani gari inda aka ba kowannensu sabon suna. Gida ya kwana da yunwa. Yarinya ta bi sawunsu har garin, mai tsaron ƙofa ya ce mata ba abin da zai bi ta sai wanda ta kira da sunansa na can.

Nan Kaka ta tsaya, ta nuna mini katunan da haɓa. Na buɗe ɗaya, tukunya ce.

"To, yaya ake ce mata a can?"

Na motsa leɓe a hankali.

"Ban ji ba, ita ma ba ta ji ba. Tukunya kurma ce, hayaƙi ya toshe mata kunne. In ba ki ɗaga murya ba, tatsuniya ta tsaya nan."

Sauran yara suka yi caa a kaina, kowa na son jin gaba. Na rufe ido na ce, "La marmite." Kaka ta ce tukunya ta mirgino da gudu tana neman gafara, ta miƙo mini katin.

Haka muka yi ta yi har ɗari ya fara sauƙi. Kowace maraice abu ɗaya ko biyu ke biyo yarinyar, kowanne da rigimarsa. Le balai, tsintsiya ke nan, ta ce sai an daina jingine ta kusa da makewayi. La lampe, fitila, ta ce sai an rantse za a riƙa goge mata ƙwai. Kaka ba ta jin Faransanci ko na sisin kwabo, amma kafin ta ci gaba sai na sake kiran na jiya, kuma in na karkata sai ta ɗaga yatsa: "Jiya ba haka kika ce ba, Ramma. Ko dai yau ƙarya, ko jiya." Komin nan shi ya fi taurin kai. Sai da na kira la baignoire har maƙwabta suka ji, sannan ya yarda ya taso, raƙuman garin na biye da shi suna kukan ƙishirwa. Yarinya ta komo gida da kayanta duka, aka dafa tuwo.

Ranar jarrabawa Mushe ya kira ni gaban tebur. Na buɗe kati, na tuna tukunya kurma ce, na faɗa da ƙarfi har Mushe ya ɗago kai. Na buɗe wani, na faɗa. Sai ga komi. Na ce, "La baignoire." Mushe ya ji daɗi, ya tambaye ni da Faransanci me ake yi da shi. Ban ko yi tunani ba na ce, "Le chameau boit," wato raƙumi na shan ruwa.

Mushe ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya manta kansa ya ce da Hausa, "Wanka ake yi a ciki, Ramatu, mutum ya cika shi da ruwa ya kwanta." Aji ya ɗauki ihu wai Mushe ya ci sambol. Ya share hawaye, ya ce jimlar dai daidai take, kuma ita ce ta farko da ya ji daga bakina. Na wuce aji uku, Baba ya ba ɗan ƙanensa jan bijimi.

Da na gaya wa Kaka sai ta riƙe baki. "Mutum ya cika komi da ruwan sha ya shiga ya kwanta? Allah ya shirye su." Ba ta kuma canza tatsuniyarta ba, komi ya zauna komi.

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne mutum ya buɗe baki. Sai da na girma na lura da ƙarshen labarin, inda Kaka takan ja murya ta ce yarinya ta komo gida. Ni ban komo ba. Daga Ollelewa sai Tanut, daga Tanut sai Damagaram, ina can ina karatun malanta aka aiko Kaka ta rasu, kafin in sami mota an rufe ta. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Yanzu ni ke koyarwa, kuma da kati nake yi. Na zana nawa, na sa turmi da ƙwarya da komi na gaske. Kwanan baya na kife su a gida don 'yata, wadda na sa wa sunan Kaka, haihuwar birni. Ta buɗe komi, ta ce ba shakka, "La baignoire." Na ce me ake yi da shi, ta ce wanka mana.

Na yi dariya, sai kuma na ji idona ya cika. Na kashe talabijin, na jawo ta jikina na ce, "Wa ya zo da kunnensa?" Ta dube ni, ta taɓa kunnenta, ba ta san amsar ba. Na ce, "Yagana, ce ga shi na zo da shi."