Shekarar da Kaka Ta Zama Ɗalibata

Shekarar da zan zauna jarrabawar gama aji takwas, wadda muke kira shahadar asas, wutar lantarki ba ta cika leƙo unguwarmu ta Umdurman ba. Sojoji ne a kan mulki, komai sai da layi. Burodi layi, sukari sai da kati, kananzir kuwa sai wanda ya san wani. Da an idar da sallar magariba gidanmu ya yi duhu, ba sauran haske sai gawayin da ke ci a kanun, wato murhun ƙarfen kakata, Hajja Maryama, inda take dafa gahawa a tsakar gida. Nan mu jikokinta muke taruwa kafin isha'i, wasu a tabarma, wasu a bakin gadonta na igiya. Yaran maƙwabta suna ce mata Habboba, wato kaka da Larabcin garin, ta amsa musu da fara'a. Mu kuwa in muka ce Habboba sai ta zama kurma, sai mun ce Kaka. Ni Uwata take kirana, don sunan mahaifiyarta aka sa mini, Amna.

A lokacin ni gwanar hadda ce. Shafi guda nakan ɗauka in yi ta maimaitawa ina rangaji har ya zauna, da waƙafinsa da aya. Matsalar ita ce, in kalmar farko ta ɓace mini, sauran duk sun bi ta. Haka ta faru a jarrabawar gwaji da aka yi mana wata uku kafin ta gaske. Takardar jugurafiya ta zo, na san na karanta amsar, na san ma a gefen dama na littafin take, amma farkon ya ƙi zuwa. Na zauna ina zufa har aka karɓe takardu. Ustazarmu, malamar ajinmu, ta aika a kira Baba.

Baba tela ne a Kasuwar Umdurman, mutum ne marar faɗa. Da ya dawo daga makarantar bai ɗaga murya ba. Ya zaunar da ni ya ce, "Amna, ba ni da ƙarfin da zan sa ki maimaita aji. In kin ci, ko idona zai tsiyaye a kan keke sai kin je sakandare. In ba ki ci ba, ga tiren gyaɗar Innarki nan, sana'a ce, ba abin kunya ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. 'Yan matan sakandare a wancan zamani wani yadi suke sawa mai zanen kayan soja, kowa na cewa mummuna ne, amma ni ba abin da nake so a duniya kamar in gan ni a cikinsa.

Da magaribar ranar ban shiga cikin yara ba. Na raɓe jikin bango ina ta ƙunƙuni a duhu, ina jan abin da na haddace da rana.

"Uwata," in ji Kaka, "wa ya rasu kike masa addu'a?"

"Jugurafiya ce, Kaka."

"To matso, nima a ba ni in ɗanɗana."

Na matso na zuba mata shafin tas da Larabci, ko numfashi ban yi ba. Ta saurara tana fifita gawayi. Da na gama ta ce, "Wannan ai Larabcin rediyo ne. Faɗa mini da bakin gida." Ni da nake ɓoye Hausata a makaranta don kada a yi mini dariya, ban taɓa tunanin abin da ke cikin littafi zai iya shiga cikinta ba.

"Na dai ji kin ce Jazira," ta ce. "Jazirar da na sani? Inda na yi shekara ashirin ina tsinkar auduga, har na haifi ubanki a bukkar 'yan ƙodago?"

"Ita ce."

"Madalla. To ta yaya littafin ya ce ruwa ke barin kogi ya je gona?"

Na faɗi kalmar da ke littafin. Ta ce me take nufi. Na ce haka dai aka rubuta. Kaka ta yi dariya har tana tari, amma ba irin dariyar da ke sa mutum kuka ba. Sai ta buga ɗan finjalinta a gefen kanun, yadda ta saba in za ta fara tatsuniya, ta ce, "Akwai masu kunne a gidan nan?" Yara suka ce, "Ga mu nan, mun baza!"

Ta ce an yi wani madugu mai suna Tanko, wanda shi kaɗai ya san hanyar rijiyoyi a wani daji mai tafiyar kwana arba'in. Da tsufa ya kama shi, idonsa ya fara rufewa, sai fatake suka kawo masa mutum biyu ya koya musu hanyar, Sambo da Ilu. Sambo kansa kamar soso. Cikin kwana uku ya haddace hanyar duka: kwana biyu gabas, dutse mai kama da turmi, kwana ɗaya, kuka mai rassa uku, ka karya dama, rijiya. Yana rerawa kamar waƙa, mutane na tafa masa. Ilu kuwa sai tambaya. Me ya sa aka haƙa rijiyar a nan, ba a can ba? Wa ya fara ganin wurin, kuma me ya gani? Tsoho Tanko yakan fusata ya ce, "Kai ka cika surutu!" Amma sai ya ba shi amsa. Ya ce inda ƙasa ta kwanta, can ruwa ke taruwa. Ya ce kurciya ba ta kwana da ƙishi, duk inda ta nufa da yamma akwai ruwa. Wata uku Ilu bai gama haddace rabin hanya ba, ana ta yi masa ba'a.

Ayari ya tashi, Sambo a gaba. Komai ya tafi daidai har suka zo inda kuka mai rassa uku ya kamata ta kasance. Ashe ta faɗi tun damina biyu da suka wuce, ta ruɓe, ko kututture babu. A nan Kaka takan miƙe zaune ta kwaikwayi Sambo, tana lumshe ido: "Kwana biyu gabas, dutse mai kama da turmi, kwana ɗaya, kuka... kuka..." sai ta koma farko, ta sake zuwa kan kuka ta cije. Yara suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Salkunan ruwa sun bushe, jakuna sun fara durƙushewa. Ilu ya hau tudu ya zauna har la'asar sakaliya. Ya ga kurciyoyi suna wucewa biyu-biyu, duk gefe guda. Ya duba ya ga ƙasar ma can ta gangara. Ya ja ayari suka bi, kafin faɗuwar rana suka iske rijiya.

"To Sambo fa?" wani ƙanena ya tambaya. "An kore shi?"

"Wa zai kori mai kai irin nasa?" in ji Kaka. "Da suka sha ruwa, shi ya ci gaba da ja, don daga rijiyar har gari ba abin da ya manta. Ilu ne ya zauna da shi kowane zango yana faɗa masa dalilin kowane abu. Na sauke kayana, mai so ya ɗauka."

Da yara suka watse ta riƙe hannuna. Ta ɗauki tsinken da take tona wuta, ta zana mini Jazira a ƙasa. Ga kogi, ga madatsar Sinnar, ga babbar hanyar ruwa, ga 'ya'yanta, ga jikokinta har bakin gona. Ta ce, "Ba wanda ke tura ruwan nan. Ƙasar ce a karkace kaɗan, ido ba ya gani, amma ƙafa na ji. In kin nufi kudu da kwandon auduga a ka, cinyarki za ta gaya miki hawa kike." Ta ce laka ce baƙa mai riƙe ruwa, in ta bushe ta tsage har ƙafar yaro ta shige, in ta jiƙe ta kama takalmi ta ƙi saki. A nan na gane kalmar da na yi wata biyu ina maimaitawa. Ashe cewa kawai take ruwa yana gangarawa da kansa.

Daga ranar Kaka ta kafa doka: ba tatsuniya sai na biya da darasi. Da rana in karanta, da magariba in rufe littafi in ba ta labarin da Hausa, yara na saurare suna jiran in gama. Ɗaliba ce mai wahalar sha'ani. In na ce iska na da nauyi, sai ta ce, "Wa ya ɗora ta a sikeli?" In na kawo kalmar Larabci don in tsere, sai ta ce, "Ban san shi ba, ɗan gidan wa ne?" Dole washegari in je in tambayi ustaza, wadda ta fara kallona da mamaki. Ga Kaka da mantuwa, ko kuwa haka na ɗauka. Bayan kwana uku sai ta ce, "Uwata, abin nan na shekaranjiya na husufin wata, ya zube mini, sake ɗebo mini." Bayan mako ta sake tambaya. Nakan ji haushi, amma na lura duk abin da ta sa na sake ɗebowa sau uku ba ya ƙara barina.

Lissafi ne kawai ta ce ba ruwanta da iksi da wayi, amma ko shi sai na bayyana mata kowane mataki, tana cewa "Don me?" Da isha'i ta yi kuwa an rufe makarantar Kaka. Maƙwabta sun kawo shawarar zabibi da turaren lubban a jiƙa in sha don kaifin ƙwaƙwalwa. Kaka ta ce, "Ci zabibinki, yana da daɗi. Amma barci za ki yi, kai ma ciki ne, sai ya huta yake narkar da abin da ya ci." Da asuba ita ke tashina.

Jarrabawar ta zo cikin tsananin zafi. Ranar jugurafiya na buɗe takarda, ga tambaya a kan noman rani, an juya ta ba yadda take a littafi ba. Na nemi layin farko na haddata, babu shi. Na ji abin da ya same ni wata uku baya yana dawowa. Sai na ajiye alƙalami na ce a raina, da Hausa, to in Kaka ce ta tambaya, me zan ce mata? Na faɗa wa kaina amsar da bakin gida, daga kogi har gona. Sannan na ɗauki alƙalami na mayar da ita Larabci, jimla bayan jimla. Ba kalmomin littafin ba ne, amma na cika shafin.

Ban zo ta ɗaya ba, ban ma shiga goman farko ba. Na dai ci da makin da ya kai ni sakandare. Baba da kansa ya ɗinka mini yadin nan, ya tsaya yana gyara kafaɗa yana share ido, wai zare ne ya faɗa masa. Kaka ta yi guɗa sau ɗaya, sannan ta ce, "To yanzu wa zai ƙarasa mini labarin jini? Mun tsaya yana cikin huhu."

Ta rasu ina shekara ta biyu a makarantar koyon jinya. A zaman makoki wata tsohuwar ƙawarta, Hajja Saratu mai sayar da kisra, wainar dawa marar kauri, ta jawo ni kusa da ita. Ta ce shekara da shekaru, duk hantsi in sun taru tsinkar gyaɗa, Kaka ce ke ba su karatu. Daga bakinta suka ji zuciya ɗaki huɗu gare ta. Ita ta sa suka fara tafasa ruwan jarirai, don akwai halittun da ido ba ya gani. "Har ta gaya mana," in ji Hajja Saratu, "hanta ce ke tace fitsari."

Na ce, "Ƙoda ce, Hajja."

Ta girgiza kai. "A'a, 'yata. Maryama ta ce hanta, ita kuwa daga bakin jikarta mai ilimi ta ji."

Dariya da kuka suka haɗe mini a wuri guda. Kuskurena ne na 'yar shekara goma sha huɗu, ta ɗauke shi da amana ta raba wa unguwa. Duk shekarun nan na zaci dabara ce kawai ta yi don ta cece ni, tana nuna kamar tana son jugurafiya da kimiyya. Dabarar tana nan, ban musa ba. Amma matar da aka sa tsinkar auduga tun ba ta kai tsayin itacen ba, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, da gaske take jiran magariba ta ji yadda jini ke zagaya jiki. Ina ganin abin da ya sa karatun ya zauna mini ke nan. Na daina karatu don tsoron takarda, na koma yi don akwai mai jirana in kawo mata.

Washegari na koma wurin Hajja Saratu, na zauna kusa da murhunta, na ce mata jikar ce ta yi kuskure, ba Maryama ba. Ta dube ni ta ce, "To zauna sosai ki faɗa mini daga farko. Ita ƙodar, a ina take?"