Dakalin Ɗanmaliki

A Kusada aka haifi Ɗanmaliki, amma a Kankiya ya tsufa da laka a hannu. Magini ne, kuma bai taɓa gina gida ya bar ƙofarsa babu dakali ba. Nasa dakalin daban yake da na kowa. Gefe ɗaya daidai zama, ɗaya gefen kuwa sai ya ɗaga shi har ƙirji, don mai kaya a ka ta sauke ba sai ta roƙi kowa ba.

Shekarar da aka sami 'yancin kai ya gina irinsa a wani gida na bakin titin Katsina. Adda, wata Bafulatana daga rugar Kafinsoli, nan take dire ƙwaryar nononta kullum da hantsi. Shekara goma sha shida tana haka, har idonta ya fara hazo, hannunta ne kawai ya san wurin.

Sai kuɗin fetur ya shigo. Ummaru, ɗan mai gidan, ya sami kwangila ya sayi mota, kansa ya kumbura. Ya kira Ɗanmaliki.

"Baba, a rushe tudun nan, mota za ta riƙa tsayawa."

"Tudu? Kai ɗan nan, ka san mi ake ce ma dakali? Shi ne rabon wanda ba ya shiga gidanku. Ubanka ya ba hanya shi, ba naka ba ne."

Ummaru ya yi dariya, ya sa leburori suka rushe shi. Ko mutum ɗaya bai tuna a gaya wa Adda ba.

Washegari ta iso, ta sunkuyo da ƙwarya inda ta saba. Nono ya malale a ƙasa, ƙwaryar ta dare biyu. Ɗanmaliki na tsallaken titi yana gani. Ta tsince ɓarin ta juya. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ni ma da nake ba da labarin bai daina ci mini rai ba. Motar ma ko shekara uku ba ta yi ba.

A makon nan ya kwaɓa ƙasa ya gina wani dakalin a ƙofar gidansa, can cikin lungu inda mai talla ba ta bi. Ya aika rugar sau biyu. Adda ba ta ƙara shigowa Kankiya ba.

Har ya rasu a gefen zaman yake zama. Ɗaya gefen kullum sai ya share shi, ko buta ba ya bari a ɗora.