Ƙoƙon da Ke Gindin Ɗorawa

A shekarun da rediyo mai batir ya fara shigowa ƙauyukan Gwaram, mu Kiristocin unguwarmu, can bayan Basirka, ba mu fi gida bakwai ba. Majami'armu ɗakin jinka ce, kujerunmu kututturan giginya. Mai bishara kan zo daga Birnin Kudu a kan keke, ya ɗaure ƙafar wandonsa da igiyar rama. Har yau in ƙasa ta yi ƙamshi bayan ruwan fari, waƙoƙin safiyar Lahadin nan nake tunawa, kewa ta kama ni.

Ni ne mai ba da waƙa, muryata kuwa ta danne ta kowa. Amma ina da abin da na ɓoye. A gonar da na gada, a gindin ɗorawa, mahaifina ya binne ƙoƙo cike da layu tun ina ƙarami, kuma kowace shekara kafin shuka sai an zuba wa wurin jinin jan zakara. An yi mini baftisma, na bar giya, na bar caca, amma zakara ban bari ba. Tsoro nake ji. Ga 'ya'ya huɗu, ga rumbu ɗaya, ga damina ta fara yi mana rowa. Sai in lallashi kaina da cewa ai rigakafi ya fi magani.

Nakan yanka a gona, in kawo wa matata naman in ce marmari ne ya kama ni. Shekara biyar tana dafawa muna ci. A ta shida ta ɗora zakaran a faifai, ta turo mini shi gabana.

Ta ce, "Maigida, wannan marmarin naka da ba ya tashi sai gab da shuka, na gaji da dafa shi. Ka ba Yesu baki, ka bar zuciya a gindin ɗorawa."

Na yi ta bambami har maƙwabta suka leƙo, don gaskiya ɗaci gare ta. Ranar Lahadi kuma sai mai bishara ya yi wa'azi cewa tuba ba sauya riga ba ce, sai tunanin mutum ya zama sabo ɗungurungum. Na zargi matata da kai ƙarata wurinsa. Ta ce ko gaisawa ba su yi ba. Ranar na kasa ba da waƙa.

Washegari na ɗauki dagi na nufi gona. Addu'ata gajeriya ce: "Ubangiji, ko yunwa ce, mu sha ta tare da kai." Na haƙa daidai inda mahaifina ya nuna mini. Na kai kamu ɗaya, na kai kamu biyu. Babu ƙoƙo, babu laya. Gara ta cinye su tun tuni, sai jar ƙasa da wani guntun fata da ya ruɓe.

Na zauna a bakin ramin na yi kuka mai isata, kunya da murna suka haɗe mini. Duk dawar da muka ci shekara da shekaru, duk geron da ya raya 'ya'yana, ashe daga hannun wanda nake yi wa rowar zuciyata suka fito, bai kuwa taɓa hana ni ba.

Daminar shekarar ba ta yi kyau ba. Mun ci tafasa da rama har kaka ta yi. Amma tun daga ranar ban ƙara shiga gonata da tsoro ba.