Sunan Bature a Gidanmu

Maƙwabciyata ta sa sarƙa a ƙofarta makon jiya. Na je kai mata wani ƙunshi da aka ajiye a wurina, na ƙwanƙwasa, sai na ji ƙarar nan, ƙofa ta buɗe faɗin tafin hannu ta tsaya. Matar ba ta yi min laifin komai ba, har godiya ta yi. Amma na koma ɗakina raina a ɓace, na yini ina faɗa da tukwane. Ƙarar sarƙar ce ta mayar da ni unguwar Ealing a London, lokacin ban fi shekara goma sha biyu ba, ina tsaye a bayan kakana.

Bari in fara da sunanmu, don shi ya kai mu can. Sunan Turawa gare mu, kuma ba irin wanda kuka saba ji ba. Ba zan rubuta shi a nan ba, domin masu amsa shi ba su da yawa, in na rubuta tamkar na nuna muku ƙofar gidanmu ne. A makarantarmu ta Barking, a gabashin London, duk sabuwar malama sai ta kira sunan ta ɗaga kai tana neman farar fuska, ni kuwa in ɗaga hannu daga baya. A cocinmu na 'yan Arewa kuma tsokana ce: ga 'yar Bature ta iso. Ta ko'ina ba sauƙi, abin ya ishe ni tun ina ƙarama.

Kakana na wajen uba ne ya jawo mana. A wata shekarar yunwa, wani Baturen mishan ya tsince shi a gefen hanya a kudancin ƙasar Zazzau, yaro ƙarami, ba wanda ya san iyayensa. Baturen ya rene shi, ya koya masa karatu, ya ba shi sunansa. Bai yi aure ba, bai kuma koma ƙasarsu ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi, aka binne shi a bayan cocin ƙauyen. Kaka bai taɓa ce masa Bature ba, Ubana yake cewa. Duk ƙarshen damina yakan ɗauki fartanya ya nome ciyawar kabarin, ya shafe duwatsun da farar ƙasa, har tsufa ya kama shi bai fasa ba.

A tsakiyar shekarun tamanin Baba ya kawo shi London don a cire masa yanar ido. Baba direban bas ne, Mama nas, ba mai yini a gida, sai ya zama ni ce abokiyar hirar tsoho. Yakan zauna jikin hita da hula da safa biyu, yana kirana amaryata, ni kuma ina ce masa ya nemi wata, ba na auren mai jin sanyi. Yana yi min Hausa ina amsa masa da Turanci, yana cewa an cuce shi, an ba shi amarya mai baƙon harshe.

Da idon farko ya washe, na ɗauka zai ce a kai shi ya ga fadar sarauniya kamar sauran baƙi. Ina! Cewa ya yi a nemo masa gidansu. Baba ya ce wane gida? Ya ce gidan Ubana mana. Ya ce ba zai yiwu ya shigo garin danginsa ya ci ya sha ya koma bai je gaisuwa ba, ga shi kuma yana ɗauke da saƙo: mutanen nan ba su san inda ɗansu yake kwance ba, ba su san ana kula da shi ba. Sai ya faɗa musu da bakinsa kafin ya mutu.

Ni aka tura da shi laburaren unguwa, inda ake ajiye manyan littattafan lambobin tarho. Muka buɗe na London, ya bi layi da yatsa yana matso da sabon idonsa. Sunan sau biyu ya fito: na Baba, sai na wata mace a Ealing. Ma'aikaciyar laburaren, wata doguwa mai son surutu, da ta ji abin da muke nema sai ta ɗauko wani littafin asalin sunaye. Ta ce sunan na wani ƙaramin ƙauye ne a gaɓar gabashin Ingila, wanda teku ta yi ta ci har ya ɓace tun zamanin da. Mutanen suka watse suna amsa sunan garinsu. Ba su taɓa yawa ba, yaƙe-yaƙe suka rage mazan, matan kuma suka yi aure suka ɗauki sunan wasu. Ta ce suna irin wannan, duk mai amsa shi tushensu ɗaya ne.

Kaka ya ce min da Hausa, "Ashe su ma marayu ne."

Da daddare Baba ya ce, "Baba, a nan ba a zuwa gidan mutum haka kawai. Sai an yi appointment. Bari in buga mata waya."

"Gidan ubana zan yi wa waya, kamar mai neman tela?" in ji Kaka. "Ka bar ni da amaryata, ta san hanya."

Ranar Asabar muka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya san layin District ya san daga Barking zuwa Ealing tafiya ce ta gaske, daga wannan bakin gari zuwa wancan. Kaka ya sa babbar rigarsa, ya ɗora kwat ɗin Baba a kai, ya rungume kwalbar zuma da ƙullin acca da ya taho da su tun daga gida, ashe don wannan ranar ya ɓoye su. Sanyi ya fara shigowa a lokacin, ganye duk ya zube ya jiƙe a kan titi, iska tana shiga har ƙashi. Gidan ƙarami ne, labulensa a rufe da rana tsaka.

Na danna ƙararrawa. Kafin in juyo, Kaka ya tuɓe takalmansa a kan siminti mai sanyi ya durƙusa. Na ce, "Kaka, please," bai ko kalle ni ba. Sai ƙarar sarƙa, ƙofa ta buɗe kaɗan, rabin fuskar wata tsohuwa ya bayyana, farin gashi, ido ɗaya yana kallonmu.

Kaka ya iya Turanci, irin na mishan, a hankali, kowace kalma a tsaye. Turancin ba shi da laifi, gaisuwar ce ta gida. Ya tambaye ta kwana, ya tambaye ta gajiya, ya tambaye ta sanyi. Sannan ya ce ina mutanen gida? Ina yara? Maigida yana ciki? Wa ke tare da ke? A wurinmu ladabi ke nan, ba ka isa ka faɗi abin da ya kawo ka ba sai ka bi kan kowa. Amma ku tsaya a inda take tsaye: tsohuwa ita kaɗai a gida, ga baƙon mutum ba takalmi a ƙofarta yana son ya san ko akwai namiji a ciki. Ni da aka haifa a nan na ga idon nan yana canzawa, na san an gama, amma ba na katse babba yana magana.

Bai kai ga sunan ba ma. Ta ce ba ta sayen komai a ƙofa, in ba mu tafi ba za ta kira 'yan sanda. Na yi sauri na ce mata sunanmu ɗaya, na faɗi sunan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ba na jin haka ne." Ta rufe.

Kunya ta kama ni, haushi ya fi kunyar. Haushinta, haushin Kaka, har da haushin Baturen da ya mutu ya bar mu da wannan kaya. Kaka kuwa ya sa takalmansa a natse, ya ajiye zumar da accar a bakin ƙofa, ya ce, "Ba ta gane mu ba ne. Baƙunta ce."

Muka koma Asabar ta gaba. Zumar tana nan inda ya bar ta, accar ta sha ruwa ta kumbura. Wannan karon ko sarƙar ba mu samu ba, labule kawai ya motsa. Muka sake komawa, muka kuma sake. Na yi kuka, na yi ƙaryar ciwon ciki, na ce ina da aikin makaranta, duk a banza. In na ƙi sai ya ɗauki sandarsa ya ce zai tafi shi kaɗai, mutumin da bai san gabas da yamma ba a ƙarƙashin ƙasa. Baba ya rubuta mata takarda ya bayyana komai, shiru. A ƙarshe wani maƙwabcinta ya tare mu a titi ya ce muna tsorata ta, ba ta iya barci. Ranar ce kawai na ga jikin Kaka ya yi sanyi. Ya ce shi bai zo don ya hana 'yar'uwarsa barci ba. Daga nan bai ƙara cewa a je ba, kuma bai ƙara tsokanata kamar da ba. Yakan zauna jikin hita ya yi ta kallon bango.

An yi masa ido na biyu bayan Kirsimeti, ana shirin komawarsa gida, sai wata rana da hantsi waya ta yi ƙara. Wani ma'aikacin council ne, wato ƙaramar hukuma, daga can ɓangaren Ealing. Tsohuwar ta rasu, sun nemi dangi sun rasa, shi ne ya duba littafin tarho ya ga sunan. Ina jin Baba yana cewa a'a, suna ne kawai ya zo ɗaya, ba mu da dangantaka. Kaka ya tambayi abin da ake ciki, Baba ya rufe bakin wayar ya faɗa masa. Tsoho ya miƙe ba sanda, ya karɓi wayar daga hannun ɗansa, ya ce da Turancin nan nasa, "Muna da dangantaka. Yaushe ne jana'izar?"

Da ya ajiye, Baba ya ce, "Matar da ta ce za ta kira maka police?"

"Ita ce ba ta san mu ba," in ji Kaka. "Mu mun san ta."

Mama ta sanar a coci cewa an yi mana rasuwa, ba ta yi dogon bayani ba. Ranar jana'izar ana yayyafi, maƙabartar duk laka. Daga wajen Turawa mutum biyu ne, fasto da ma'aikacin nan. Sauran duk mu ne, da matan zumunta da suka ɗaura zannuwansu iri ɗaya a ƙarƙashin manyan kwat, suka yi mata waƙa da Hausa, matar da ba su taɓa gani ba. Ma'aikacin sai kallonmu yake.

Da aka saukar da akwatin, Kaka ya matsa bakin ramin ya durƙusa a cikin lakar. Bai yi Turanci ba. Ya gaishe ta tun daga farko, bai tsallake komai ba, sannan ya ce, "Na zo in gaya miki ne, ɗan'uwanku yana wurinmu. Yana kwance a bayan coci, ƙarƙashin ɗorawa. Ba a bar ciyawa ta rufe shi ba. Ya bar 'ya'ya da jikoki, ga ɗaya nan a tsaye." Ya nuna ni.

Matan suna share hawaye, ni kuwa ji nake kamar in yi ihu. Maganar da ba ta fi minti ɗaya ba. Abin da ya tsallako teku da shi ke nan, abin da muka yi ta jigila a tube dominsa ke nan, kuma sai da ta kasa rufe ƙofa sannan ya samu ya faɗa.

A filin jirgi ya riƙe hannuna ya ce, "Amaryata, na can nawa ne, na nan naki ne. Ki riƙa leƙa ta." Ban ce to ba. Na tuna sarai ban ce to ba. Ya koma gida, bai daɗe ba shi ma aka kwantar da shi a bayan cocin, kusa da wanda yake kira Ubana.

Yanzu ba a buɗe littafin tarho, a waya ake neman suna. Ɗan ƙanena ya gwada kwanaki, ya yi ta dariya, don duk fuskar da ta fito tamu ce: Kaduna, Jos, Barking, wani ma a Kanada. Bature ko ɗaya bai gani ba. Ƙauyen yana ƙarƙashin teku, masu shi na asali sun ƙare, sunan ya koma bakin mutanen da ke cin tuwo. Duk da haka, har gobe in na faɗe shi a asibiti ko a banki sai an tambaye ni ko na mijina ne, ko kuma a ce in maimaita. Na daina bayani. Yaran gidanmu ma ba su damu da labarin ba, a wurinsu suna ne kawai, abin da Baba ya faɗa a waya tun farko.

Ni ce dai na rasa yadda zan yi. Gwiwoyina sun fara ciwo, layin District bai rage tsawo ba, kuma har yau ban yafe wa matar nan ba. In na durƙusa ina cire mata ciyawa, mita nake yi mata tun daga farko har in tashi, da Hausa, don ta ji yadda ake ji. Asabar mai zuwa ma sai na je, an yi ruwa da yawa bana.